A Daina Sare Mangwaro Saboda Ɓarawo, Ƙayar da Za Ta Tsare Lambu Tana Dajinmu

Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu in yi magana da masu lambu da magidantan da Allah ya wadata gidajensu da itatuwa, musamman a nan ƙasar Zazzau da garuruwan da yanayinsu ya yi kama da namu. Maganar ta shafi ƙananan ɓarayin nan masu haura katanga cikin dare su ɗauke injin ban-ruwa, ko tiyo, ko batirin sola, ko kaji, ko ragon da mutum ya shekara yana kiwo saboda layya.

Abin da ya dame ni shi ne maganin da mutane suka fara yi wa wannan cuta. Akwai wani bawan Allah a unguwarmu da aka shiga lambunsa aka sace masa injin ban-ruwa. Ya je wurin masu sayar da furanni a bakin titi, suka haɗa shi da bugambiliya, furen nan mai ƙaya da ake gani ja da shunayya a kan katangun manyan gidaje. Ya jera ta a gindin katanga, ƙarƙashin mangwaron da mahaifinsa ya dasa. Damina ta wuce, rani ya wuce, ta yi tsawo siriri, ƙasanta fayau ba ganye, akuya ma sai ta ratsa. Da ya koma ya yi ƙorafi, sai aka ce masa ai ƙaya ba ta yi a inuwa. Bai yi wata-wata ba ya kira masu injin yankan katako, kafin la'asar manyan itatuwan nan suna ƙasa. Na tsaya a wurin ina kallon kututturan suna zubar da ƙaro, raina ya ɓaci matuƙa. Yanzu a watan Afrilu iyalinsa ba sa iya zaman tsakar gida da rana. Kuma ba shi kaɗai ba ne, na ga irin haka a Samaru, na gani a Tudun Wada, na gani a Kaduna.

Na yi aikin malamin gona har na yi ritaya, kuma yau ba ni da sana'ar da ta wuce lambun da ke bayan gidana, mai mangwaro da gwaiba da darbejiya da lemo. Don haka ina faɗa da sanin abin da nake faɗa: ana iya kewaye lambu mai inuwa da ƙaya mai yaɗo ba tare da an kayar da itace ko ɗaya ba. Sharaɗin shi ne mutum ya san irin inuwar da ke gidansa, ya rage wa itatuwan rassan da suka dace, sannan ya zaɓi ƙayar da tun asali a gindin wasu itatuwa take tsirowa a daji ta hau su don neman rana.

Kakanninmu sun san wannan aiki. Ganuwar manyan biranen ƙasar Hausa ba tulin ƙasa kaɗai ba ce, a bayanta akwai rami, kuma ana barin ƙaya ta sarƙe a ramin. Turawan da suka ci Kano a 1903 sun rubuta cewa sun tarar da ramin bayan badala cike da ɗanyar ƙaya. A ƙauye kuwa har gobe manomin rogo da mai lambun fadama da ƙayar magarya da ta bagaruwa suke shinge. Mu ne da muka shigo birni muka sami bulo da siminti muka ɗauka duk abin da ya fito daga jeji ƙauyanci ne.

Inuwa iri-iri ce, kuma nan ne yawancin mutane suke tuntuɓe. Inuwar mangwaro baƙa ce, rani da damina ganyensa a rufe yake, a gindin babban mangwaro ko ciyawa da ƙyar take fitowa. Tsamiya ma haka take. Darbejiya kuwa ganyenta ƙanana ne, iska tana kaɗa shi, hasken rana yana ɗiɗɗigowa ƙasa duk yini, don haka abubuwa da yawa suna rayuwa a ƙarƙashinta in sun sami ruwa. Maɗaci idan ya manyanta rassansa suna can sama, ranar hantsi da ta la'asar suna shigowa ta gefe. Gawo shi nasa daban ne, da damina yake zubar da ganye ya bar shuka ta sha rana, da rani ya yi kore, shi ya sa manomi ba ya sare shi a gona. Itacen turare kuma inuwarsa kaɗan ce, amma yana shanye ruwan ƙasa ya bar wurin ƙeƙasasshe. Wanda ya haɗa duk waɗannan ya ce masu "inuwa" kawai, zai sayi shuka ɗaya ya jera tun daga kusurwa har kusurwa, rabi ya mutu, ya ce an cuce shi.

Shawarata ga kowa, kafin ya kashe ko sisi, ya ɗauki gawayi ya zagaya katangarsa da hantsi, da azahar, da la'asar, yana yin alama a duk inda rana ta taɓa. Ya duba ƙasa, ya kuma duba saman katangar, domin sau da yawa gindi yana cikin duhu amma bulo biyu na sama suna shan rana rabin yini, kuma wannan ya ishi tsiro mai hawa. Sannan ya tuna rana ba ta bin hanya ɗaya duk shekara. Zariya tana wajen digiri 11 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Daga ƙarshen Agusta zuwa tsakiyar Afrilu, ranar tsaka tana karkata kudu ne. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Agusta sai ta ɗan karkato arewa. Ma'ana, katangar da ke kudancin lambunka, fuskarta ta ciki ba za ta ga ranar kirki ba duk tsawon hunturu, ita kuwa wadda ke arewa fuskarta ta ciki tana shan rana duk rani in babu itacen da ya tare ta. Alamar da aka yi a watan Yuni kaɗai takan yaudari mutum.

Abu na biyu da ba a cika lura da shi ba: mafi yawan dashen da ke mutuwa a gindin manyan itatuwa ƙishirwa ce take kashe shi kafin duhu. Ruwan da muke samu a nan Samaru wajen milimita 1,000 ne a shekara, kusan dukansa tsakanin Mayu da farkon Oktoba, sauran watannin kusan babu. Saiwar mangwaro da ta darbejiya sun riga sun mamaye ƙasar, kuma gindin katanga shi ne wurin da ya fi bushewa a gida, ga fandisho yana zuƙar laima, ga ɓaraguzan siminti da magina suka binne. Ka haƙa rami ka gani, guntayen bulo da buhun siminti za ka fara ci karo da su. Don haka a ja baya da katanga kamar kamu guda, a yi rami mai zurfin gwiwa, a kwashe ɓaraguzan, a datse ƙananan saiwoyin da suka ratso ramin da adda mai kaifi, amma kada a taɓa manyan. A cika shi da ƙasa mai kyau da takin dabbobi wanda ya ruɓe sosai. Ɗanyen taki gara yake kira, kuma gara ta fi son wuri mai inuwa da busasshen ganye. A yi dashe idan damina ta zauna, cikin Yuni, sannan a ɗaura niyyar ban-ruwa a ranin farko da na biyu. Ruwan wanke-wanke da ba shi da omo da yawa da ruwan alwala suna wadatarwa.

Kafin dashen ma akwai aikin barandami. Ɓarawo ba ya wahalar da kansa da katanga in akwai reshen mangwaro da ya miƙa ta kanta, ta nan yake shiga, ta nan yake fita da kaya. Duk reshen da ya haura katanga ko ya matso ta har mutum zai iya miƙa hannu ya kama, a sare shi daga inda ya fito, a yi sara mai kyau kada a yage ɓawo. A ɗage ƙananan rassa sama da tsayin mutum. Da wannan aski kaɗai an rufe wa ɓarawo hanya, an kuma buɗe wa katanga zirin haske daga sama. Mangwaro ba ya jin haushin aski, bayan an gama cin 'ya'yansa ne lokacin da ya fi dacewa.

To, me za a dasa? Ta farko a wurina ita ce sarƙaƙiya. Duk wanda ya yi kiwo ko farauta ya san ta a bakin rafi da gindin duwatsu, inda take fitowa cikin kurmi ta bi jikin wasu itatuwa har ta fito sama. Ka riƙo reshenta a hankali ka duba: ƙayarta gajera ce, a lanƙwashe kamar farcen kyanwa, kuma ba a jere take ba, a warwatse take ko'ina a jikin reshen, har a bayan ganye akwai ƙanana. Ba ta huda mutum ta sake shi yadda ƙayar aduwa take yi. Kama riga take yi, kana ƙoƙarin ɓalle hannun riga ta kama hula, ka sunkuya ta kama wando, kuma duk jan da ka yi ƙara shiga take yi. Wanda ya faɗa cikinta da dare ba zai fita shiru ba, kuma shiru shi ne jarin ɓarawo. Ganyenta ƙanana ne laushi-laushi, da damina ta yi fure fari-fari mai tsawo wanda zuma ke so, daga baya ta yi kwanso faffaɗa ja wanda ke komawa ruwan ƙasa in ya bushe. Ba na cewa za ta yi kyau a baƙar inuwar gindin mangwaro, a'a. Abin da take jurewa shi ne gindinta a inuwa, kanta a rana, kuma wannan shi ne halin yawancin katangunmu bayan an yi wa itatuwa aski.

Ba za ka same ta a wurin masu sayar da furanni ba, sai ka reno ta da kanka, kuma ba wuya. Da kaka zuwa hunturu a tsinko kwanson da ya bushe a jikin uwar, a ɓare, a zubar da ƙwayoyin da ƙwaro ya huda. A tafasa ruwa a sauke, a zuba irin a ciki ya kwana. Wanda ya kumbura a shuka shi a leda cikin Maris ko Afrilu, a ajiye a inuwar darbejiya ana yayyafa ruwa. Kafin damina ta zauna ya kai dashe. A ba da tazarar taku guda tsakanin rami da rami.

Sai dai sarƙaƙiya ba ta manne wa filasta, ƙayarta tana buƙatar abin da za ta maƙale. A kafa guntayen rodi a jikin katanga, a ja waya layi uku, ɗaya a daidai gwiwa, ɗaya a ƙirji, ɗaya a ɗan sama da kan katangar. Ban yarda da katako mai kauri da ake gicciyawa ba, domin tsani ka yi wa wanda kake gudu. Idan dashen ya kai gwiwa a tsinke masa kai don ya yi rassa tun daga ƙasa. Mutane ba sa son wannan, suna ganin an mayar da shuka baya, amma wanda bai yi ba zai sami ƙaya a sama da ƙofa a ƙasa. Rassan da suka fito a kwantar da su a kan waya, na dama a saƙa shi cikin na hagu, a ɗaure da igiyar rama. Kuma kada a bar ta ta kama mangwaro ko gwaiba. In ta hau, za ta lulluɓe itacen ta rage masa 'ya'ya, kai kanka ba za ka ƙara hawa ka tsinka ba. Da damina duk sati biyu zuwa uku sai an bi ta da almakashi, da safar hannu ta fata, da takalmi mai tauri.

Inda inuwa ta fi yawa, haujeri ya fi ta haƙuri. Shi ne wanda ake gani a kan suri a gindin tsamiya, rassansa masu ɗan gashi-gashi, a gindin kowane ganye akwai ƙaya biyu masu lanƙwasa, kuma yakan riƙe ganyensa da rani lokacin da sauran daji ya yi fari. Ba ya saurin girma, amma in ya kafu ya kafu. Sai dai dole in yi gargaɗi da babbar murya: haujeri yana da dafi. An san yana cutar da awaki da tumaki da raƙuma in sun ci shi da yawa, saiwarsa ma guba ce, ga kuma 'ya'yansa kewayayyu masu launin lemo da ke jan hankalin yaro. Gidan da ke da ƙananan yara ko dabbobin da ake saki, kada ya kusance shi. Na lambun da ke rufe ne, wanda manya kaɗai ke shiga.

Don cike ƙasa kuwa, abubuwa biyu nake amfani da su. Ɗaya ita ce ƙayar ɓera, 'yar siririyar nan mai ganye tsinke-tsinke da ƙananan 'ya'ya ja, wadda ke nannaɗe jikin wasu tsirrai a inuwar kurmi. Ita kaɗai ba za ta tare ƙato ba, amma tana rayuwa a inda sauran suka gaza, kuma tana toshe 'yan kafofin da ke tsakanin manyan rassa. Ana tono gindinta da damina a raba a dasa. Na biyu shi ne lemon tsami, wanda aka shuka daga ƙwaya. Ba mai yaɗo ba ne, na sani, amma ƙayarsa tsini gare ta, yana jure rabin inuwa, kuma in an jera shi kusa-kusa ana aske masa kai yakan zama shinge mai kauri daga ƙasa zuwa ƙirji. 'Ya'yan da zai yi a inuwa ba su kai na rana yawa ba, duk da haka uwargida ba za ta sayi lemon kunun zaƙi da na shayi ba. A kusurwar lambuna ta kudu maso gabas, inda mangwaro biyu suka haɗa kai, lemon tsami ne a gaba, ƙayar ɓera a tsakani, waya mai ƙaya a saman katangar, domin a wurin babu tsiro mai hawa da zai yi ƙarfi, kuma gara mutum ya yarda da haka da ya yi ta asarar dashe.

Ban ce bugambiliya ba ta da amfani ba. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, tana son rana mai zafi yawancin yini, kuma a katangar da ke shan rana babu wadda ta fi ta ado da tsaro a haɗe, ga ta da jure fari. A ba ta wurinta kawai. Haka magarya, mai ƙaya biyu-biyu, ɗaya miƙaƙƙiya ɗaya lanƙwasasshiya, da dashi wanda ake sare sandunansa a kafa a ƙarshen rani su kama, duk 'yan rana ne. Gida ɗaya yakan buƙaci iri uku ko huɗu, kowace katanga da nata.

Akwai waɗanda nake roƙon jama'a su guje musu ko da kyauta aka ba su. Lantana, mai ƙananan furanni ja da rawaya a dunƙule, ta cika tsofaffin unguwannin ma'aikata a Jos da Kaduna. Tana da 'yar ƙaya, tana saurin rufe wuri, shi ya sa ake sha'awarta. Amma ganyenta yana lalata hantar shanu da tumaki, ɗanyun 'ya'yanta suna cutar da yara, tsuntsaye kuma suna kai irinta gonakin mutane inda fitar da ita sai an sha wuya. Ƙaidaji, in ya shiga fadama, ya kori mai fadamar. Akwai kuma ƙayar nan da aka kawo daga nahiyar Amurka don yaƙi da hamada, wadda masana ke kira furosofis. Mutanen gefen tafkin Chadi da na yankin Diffa a Nijar da na Sudan sun ga yadda ta cinye filayen noma da na kiwo. Ƙerana kuwa, wadda mutanen tsaunukan Filato suka daɗe suna kewaye gidaje da gonaki da ita, shinge ce ta gaske, sai dai farin ruwanta in ya faɗa ido yana iya makantarwa, kuma ita ma rana take so. A cikin gida mai yara ban ga dalilinta ba.

Za a ce mini ƙaya mai duhu gidan maciji ce. Gaskiya ne, in an yi sakaci. Abin da ke kawo kububuwa da gamsheƙa shi ne tarin busasshen ganye da ɓeraye da kwaɗi. A riƙa share gindin shingen da manjagara mai dogon ƙota, kada a jibge itacen girki ko tsofaffin bulo a wurin, a bar 'yar hanya tsakanin ƙayar da sauran shuke-shuke yadda za a iya zagayawa da tocila. Share ganyen yana kuma rage haɗarin gobara da hunturu. Rassan da aka aske a ƙone su nan take ko a binne, kada a zuba a bola inda yara masu tsince-tsince ke takawa ba takalmi. In ƙaya ta karye a cikin gaɓa ko tafin ƙafa ta fara kumburi, a je asibiti, kada a tsaya tono da reza. Kuma kada a dasa ta a bakin tagar ɗakin kwana da ke da ƙarafa, domin ranar da wuta ta tashi ta nan za a nemi ceton mutanen ɗakin.

Sai haƙƙin maƙwabci da na mai wucewa, wanda a wurina ya fi duk abin da na faɗa nauyi. Ya tabbata a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa wani mutum yana tafiya ya tarar da reshen ƙaya a kan hanya ya kawar da shi, Allah ya gode masa ya gafarta masa. To yaya matsayin wanda ya reni ƙaya da hannunsa ya bar ta ta zubo lungu, tana fizge mayafin mata, tana yakushin fuskar ɗan acaɓa, tana jiran makaho? Na sha ganin haka a lungunan da ko mutum biyu ba sa iya jerawa. Ƙayarka ta tsaya a cikin gidanka da saman katangarka. Duk abin da ya leƙa waje ƙasa da inda hannun dogon mutum zai kai, a datse shi. In katangar ta haɗin gwiwa ce, a yi sallama da maƙwabci a gaya masa kafin a dasa, a kuma ɗauki alkawarin shiga a aske masa ɓangarensa. Sau da yawa ma sai ka ga ya ce a haɗa kuɗin waya, tunda ɓarawon da ya shiga gidanka ta nasa gidan zai bi.

Ina kuma so a bambance ɓarawo da yaron da mangwaro ya ja. Ya zo a hadisin Muslim cewa duk Musulmin da ya dasa itace, abin da aka ci daga gare shi sadaka ce gare shi, har abin da aka sata. Wannan ne ya sa ban son fasassun kwalabe a kan katanga. Babban ɓarawo buhu yake shimfiɗawa a kai ya wuce abinsa, wanda kwalba ke yanke wa jijiyar hannu almajiri ne ɗan shekara goma. Ƙaya ana ganinta tun daga nesa, yaro ya san ta, ba zai fara ba, in ma ya fara yakushi zai samu ya koma. Lokacin nunar mangwaro nakan cika kwano in ajiye a ƙofar gida bayan la'asar, yaran unguwa sun san da shi, jifa da hawan katanga sun ragu ƙwarai.

Kada wani ya ɗauka ƙaya za ta tare masu ɗauke da makamai, wannan wata musiba ce daban da muke roƙon Allah ya kawo mana ƙarshenta. Aikinta shi ne ta sa mai neman na sauƙi ya ga gidan nan da wahala. Kuma ba ta yin aiki a shekarar farko. Sai ta sha damina biyu zuwa uku kafin ta zama abin tsoro. Kafin nan a sari rassan magarya a cusa tsakanin waya, a sa fitila mai sola a kusurwar da ta fi duhu, a shigar da injin ban-ruwa ɗaki kullum da magariba, a gyara ƙofa, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, sannan a riƙa ba 'yan sintirin unguwa haɗin kai.

Roƙona na ƙarshe ga masana ne da masu sana'a. A nan Samaru muna da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, da cibiyar yaɗa sakamakon bincike ga manoma, ga kwalejojin gandun daji a Afaka da Jos. Ina roƙon su gwada waɗannan ƙayoyi namu a inuwa daban-daban, su fitar da 'yar takarda da Hausa da hotuna, yadda mai gida zai gane haujeri daga wanda ba shi ba kafin ya kai hannu. Masu renon dashe a bakin titi kuma su gwada ajiye sarƙaƙiya da lemon tsami na shinge ko leda hamsin-hamsin ne, su riƙa tambayar mai saye ina zai dasa kafin su miƙa masa. Masu karatu na Sakkwato da Katsina da Maraɗi da Damagaram, inda ruwa bai kai namu ba, da na kudancin Kaduna inda ya fi namu, ina so su rubuto su gaya mana irin ƙayar da ke hawa itace a dajinsu da yadda suke renonta. Wanda kuma yake son ya gwada sarƙaƙiya a damina mai zuwa, ya nemi mafarauci ko makiyayi ya nuna masa inda take, ya tara irinta tun da hunturu kafin gobarar daji ta riga shi.

Na gode, Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka, ya tsare mu da iyalanmu da dukiyoyinmu.

Naka,
Wani tsohon malamin gona,
Samaru, Zariya.